Kuɗin Sharar da Ya Tare Kwarin Barunde

Akwai wani dillalin dabbobi a unguwar Barunde cikin garin Gombe, sunansa Joda. Bafulatani ne siriri mai dogon wuya da ɗan tsinin gemu. In ana neman wanda ya fi kowa tsokana a unguwar, ba a ɓata lokaci wajen zaɓe. Ni kaina da ake cewa na iya shegantaka, irin su Joda in na gani gyara tsayuwa nake yi.

Bari in ba ku ɗaya daga cikin aikinsa, don ku san da wa kuke tare.

Wata shekara ana gab da Babbar Sallah, ragon Alhaji Misbahu mai shagon siminti ya tsinke igiya ya shiga gari. Joda ya tsince shi. Maimakon ya mayar, sai ya wanke shi tas da sabulu, ya shafa masa lalle a goshi da ƙafafu, ya ɗaura masa sabuwar igiya, ya ja shi har majalisar Alhaji.

"Alhaji, na ji an ce ragonka ya ɓata. Ga wani na samo maka daga Adamawa."

Alhaji ya matsa gadon bayan rago, ya ɗaga wutsiya, ya ce, "Wannan shi ne rago. Wancan dama ƙwarangwal ne, ban yi asara ba."

Ya biya. Ana sakin igiya, rago ya wuce kai tsaye cikin gida, ya je turkensa ya ci gaba da cin dusar da ya bari. Joda ya mayar da kuɗin a gaban kowa, majalisa ta yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Alhaji bai yi dariya ba. Tun daga ranar, in Joda ya gaishe shi, da hanci yake amsawa.

To, wuri ɗaya ne Joda ba ya wasa a cikinsa, wato tsohuwar maƙabartar da ke bayan unguwa. A can mahaifiyarsa Inna Umma take kwance. Ita kaɗai ta raine shi, da ƙwaryar nono a ka. Ranar da aka binne ta ya dasa ɗan dogonyaro a wajen kanta don kada kabarin ya ɓace masa. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci yakan je ya tsuguna a gindin bishiyar ya yi mata addu'a.

Wanda ya san Gombe ya san kwari. Ƙasar yashi ce, ruwa in ya gangaro daga tudu sai ya yi ta yankar ta. Kwarin da ke gefen maƙabartar, a da akuya ma tsallake shi take yi. Yanzu ya yi zurfin da in mota ta faɗa ba za a hango rufinta ba.

A daminar da ta gabata ya cinye layin kaburbura guda. Mutanen unguwa suka sauka da sabon likkafani suna tattara ƙasusuwan iyayensu don a sake binnewa. Joda na cikin waɗanda suka sauka. Ya yi kwana da kwanaki bai tsokani kowa ba.

Layin da ya rage a bakin kwarin shi ne na Inna Umma. Saiwar dogonyaron ma ta fara leƙowa ta jikin gaɓa.

Kwarin kuma bai tsaya kan Musulmi ba. Maƙabartar Kirista tana manne da wannan, 'yar hanya ce ta raba su. A can mahaifiyar Bernard take, wani magini Batangale da ke katanga ɗaya da Joda. Bernard ya zaga bakin gaɓar ya dawo ya ce magani ɗaya ne, a ja bangon dutse da siminti daga wannan ƙarshen zuwa wancan, ya rufe maƙabartun biyu, kuma a gama kafin ruwan Agusta.

Aka kira taro a ƙofar gidan mai unguwa, aka kafa kwamiti, aka ba Alhaji Misbahu shugabanci. Ya miƙe ya gyara babbar riga ya ce shi ya riga ya gama tunani. Za a yi gagarumar ƙaddamarwa, a gayyato manya daga Abuja da Kaduna, a rana ɗaya a tara abin da zai gina bango har da ƙofar ƙarfe.

Joda ya ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, kafin manya su iso, me zai hana mu fara da abin da ke hannunmu? Kowa ya kawo ɗan abin da ya samu."

"Wannan ba cinikin akuya ba ne," in ji Alhaji, ko kallonsa bai yi ba.

Wata mai tuyar ƙosai, Madam Selina, wadda ita ce shugabar zumuntar mata a cocin unguwa, ta ce, "Alhaji, mu mata ba mu da kuɗi, amma muna da kai. Za mu iya ɗebo dutse da yashi."

Alhaji ya yi murmushi. "Madam, mun gode. Amma ba gyaran murhu za a yi ba."

Selina ta koma ta zauna.

Ranar ƙaddamarwa an kafa rumfuna, an jera kujeru, an ɗaura lasifika. Manyan da aka gayyata babu wanda ya zo, kowa wakili ya turo. Amma wakilan sun iya magana. Wannan ya ce ogansa ya ba da tirelar siminti, aka yi tafi. Wancan ya ce ogansa ya ɗauki nauyin dutse gaba ɗaya, aka yi tafi. Alhaji Misbahu yana ta gyaɗa kai yana satar kallon Joda.

Bayan an watse aka shiga kiran waya. Oga yana Abuja. Oga ya tafi Umara. Oga yana ganawa. Daga baya ma wayar ta daina shiga. Ɗan abin da aka tara a faranti, kuɗin hayar rumfa da kujeru ya cinye shi.

Sai ga ruwan farko ya sauka. Bai yi ƙarfi ba, amma ya ɗebi gaɓa. Joda ya je ya tsaya a gindin dogonyaro, ya ga tsakanin kabarin Inna Umma da ramin bai wuce tsawon tabarma ba.

A shekarar, watan cika-ciki ya faɗo a farkon damina. Kun dai san al'adar watan. Taubasai da ƙabilun da ke wasa da juna sukan tare juna su karɓi kuɗin shara. Wanda ya karɓa ya ce haraji ne bawansa ya biya, wanda ya bayar ya ce ladan share masa tsakar gida ya ba baransa. Tsakanin Fulani da Barebari kuwa, wannan rigima ba ta da alƙali.

Joda ya biyo ta Kasuwar Gombe a kan babur ɗinsa, ransa a jagule. Sai ya ji an riƙe masa kan babur. Hajiya Batul ce, wata Babarbariya mai sayar da turaren wuta, mace mai jiki da murya, wadda tun yana saurayi take tatsar shara a hannunsa.

"Tsaya nan, ɗan Fulani. Shekara ta zagayo. Ina sharata?"

"Hajiya, yau ba ni da baki."

"Haka kuke. Ranar karɓa bakinku har kunne, ranar biya ku ce ciwon haƙori. Zaro, bawana, kada in sa a kwance tayar nan."

Joda ya sa hannu a aljihu, sai ya tsaya. Ya dubi layin kasuwar. Ga wani Babarbare mai sayar da hula ya cafke wuyan rigar wani Bafulatani suna dariya. Ga wata mai nono ta tare wani mai bandar kifi ta ƙi matsawa. Kuɗi na fita daga aljihu nan take, ba rumfa, ba lasifika, ba wanda ya ce ogansa yana Abuja. Kowa biya yake yi, don ba mai yarda abokin wasansa ya yi masa gori har shekara ta dawo.

Ya zare hannunsa daga aljihu babu komai. Idonsa ya dawo irin na da.

"Zan biya, Hajiya, amma ba a hannunki ba. Buhun siminti zan saya in ajiye a bakin kwarin Barunde, in ce ga sadakar Fulani ga barorinsu. Na san ku ko rabin buhu ba za ku iya mayarwa ba. Kuɗinku a hayaƙi da hula yake ƙarewa."

Hajiya Batul ta ajiye kaskon turare a hankali. "Maimaita."

Ya maimaita, har da ƙari.

Ta juya ta ƙwala wa maƙwabtanta kira. "Ku zo ku ji abin da mai bin wutsiyar saniya yake faɗa." Masu hula da masu kifi suka taru. Ta nuna Joda da yatsa. "Mijina yana kwance a maƙabartar nan. In ka kai buhu ɗaya, mu kai goma. Amma na san Fulani. Bafulatani ya fi son ruwa ya tafi da shi da kansa da ya sayar da akuya ɗaya."

"Dakata, Hajiya," in ji Joda. Ya fito da waya. "Faɗa a nan, don kada gobe ki ce sharri na yi miki."

Ta faɗa a cikin wayar, da ƙarfi, ta ƙara da cewa in Fulani sun isa su fito.

Da yamma Joda ya leƙa ta katanga ya kira Bernard. "Injiniya, in na kawo maka siminti da dutse, nawa za ka caje ni?"

"Uwata ma tana bakin ramin nan, maƙwabci. Kai dai kawo kaya, ni da yarana za mu gina."

Suka je wurin tare. Joda ya ce ga yadda za a yi. Fulani su faro bango daga gabas, Barebari su faro daga yamma ta ɓangaren Kirista. Wanda ya riga isa gindin dogonyaron da ke tsakiya, su ne iyayengiji har baɗi.

Bernard ya sosa ƙeya. "Da son samu ne a fara daga tsakiyar. Nan ne ƙasar ta fi taushi."

"In aka fara daga tsakiya, ina gasar? Bar ni da mutanena, Injiniya. So nake su yi tsere zuwa wurin Innata."

Bernard ya ɗaga kafaɗa ya ja igiyarsa ta awo.

Washegari Joda ya shiga kasuwar shanu. Bai yi wa'azi ba, bai roƙi kowa ba. Ya hau kan turke ya kunna muryar Hajiya Batul, ya ƙure ƙara. Wani dattijo mai sanda ya ce a sake kunnawa. Da ya ji karo na biyu, sai ya kwance wani ɗan maraƙi ya miƙa wa Joda igiya.

"Sayar. Ka ce wa matar nan Fulani sun ji."

"Baffa, faɗa mata da bakinka." Joda ya miƙa waya.

Abin da Baffa ya faɗa game da zanen fuskar Barebari, ba zan rubuta shi a nan ba, don ina da masu bibiya ta kowane ɓangare. Joda ya ɗauki muryar ya koma kasuwa ya kunna a layin masu hula. Kafin la'asar kura biyu ta siminti ta nufi Barunde.

Haka ya yi ta safara. Da safe ya kai zagin gabas yamma, da rana ya kai na yamma gabas. Bai ƙara gishiri ba, ko da yake bakinsa na ƙaiƙayi, don abin da suke faɗa da kansu ya isa. Masu nono suka ware cinikin yini guda. Masu bandar kifi suka yi hayar tifa ta zubo dutse. Da Fulani suka ga tifa, su ma suka kira tasu.

Hausawa da Terawa da Tangale da Waja suka ce su fa, kallo za su tsaya yi? Joda ya ce ƙofa a buɗe take. Duk wanda ya kawo buhu ya zama Bafulatani na wata guda, za a koya masa gaisuwa kyauta. Hajiya Batul ta ce wanda ya zo ɓangarensu zai koma gida yana ƙamshi. Wani malamin makaranta ya kai buhu gabas, matarsa ta ji, ta kai nata yamma, aka ce a gidan ranar kowa da harshen da ya yi sallama.

Madam Selina kuwa ta zo da matan zumunta, kowace da gammo da kwanon sarki, irin wanda leburori ke ɗaukar kwaɓi. Ta raba su gida biyu daidai, don kada a ce sun yi son kai. Suna ɗauko dutse suna waƙa, Bernard da yaransa suna jerawa.

Alhaji Misbahu yakan wuce a mota ya rage gudu, ya kalli bangon, ya ƙara gaba. Ko sau ɗaya bai sauko ba.

Bango ya yi ta tafiya ta gefe biyu, ya rufe ɓangaren Kirista, ya rufe inda mijin Hajiya Batul yake. Joda yana yawo yana cewa a tarihin Gombe ba a taɓa yin mai kai irin nasa ba.

Sai kaya suka ƙare.

Ba wai mutane sun ƙi ba ne. Kowa ya tatse. Mai akuya ya sayar, mai hula ya karya farashi, Joda kansa awakinsa duk sun tafi. Ga siminti ya ƙara tsada. Bangon gabas ya tsaya, na yamma ya tsaya, tsakaninsu saura gurbi kamar faɗin ɗaki. A daidai gurbin nan dogonyaro yake.

Aka yi wani ruwa da hantsi, ba mai yawa ba. Da ya ɗauke, Bernard ya zo ya kira Joda. Fuskarsa ba walwala.

"Zo ka gani. Da can ruwan warwatsuwa yake yi ko'ina. Yanzu mun toshe masa dama da hagu, mun bar masa ƙofa ɗaya. Duk ruwan maƙabartar nan ta nan zai bi."

Joda ya leƙa. Dogonyaro ya karkata. A jikin gaɓa, kan itatuwan da aka rufe kabarin Inna Umma da su sun fara bayyana.

"In aka yi babban ruwa fa?"

Bernard ya nuna masa ƙasan ramin da yatsa.

Joda ya tsuguna. Shi da bakinsa ya ce a bar tsakiya sai ƙarshe. Ya ceci kaburburan kowa, ya juyo da ruwan gaba ɗaya kan uwarsa. Ya ɗebi ƙasa da hannu yana tura ta kan itatuwan, tana zubewa cikin rami.

A haka Hajiya Batul ta same shi. Ta zo ne da sabon zagi a bakinta, amma da ta ga abin da yake yi sai ta haɗiye.

"Tashi, Joda." Ranar ce ta fara kiran sunansa. "Akwai mai siminti a unguwar nan."

"Ba zai ba ni ba, Hajiya. Ko gaisuwata ba ya amsawa."

"Uban Misbahu naku ne, na sani. Amma uwarsa tamu ce, tare muka yi tallan turare. Shekara da shekaru yana laɓe a tsakiya, bai biya ku ba, bai biya mu ba. Tayar da babur."

Suka tarar da Alhaji a shago, buhuna jibge a bayansa har rufi. Hajiya Batul ba ta jira an ba ta kujera ba.

"Misbahu, shara muka zo karɓa. Ni ta wajen ubanka Bafulatani nake bin ka, wannan kuma ta wajen uwarka Babarbariya. Yau ba ka da wurin gudu."

Alhaji ya dubi Joda sama da ƙasa. "Kai ne? Sau biyu kana mayar da ni abin dariya a unguwar nan. Ga rago, ga ƙaddamarwa."

"Na ragon ni ne, ranka ya daɗe. Na ƙaddamarwar ba hannuna."

Yaran shago suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Alhaji ya haɗe rai. Joda ya ga bakinsa zai sake kashe shi, sai ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Alhaji, yau ba wasa ya kawo ni ba. Uwata ce a gurbin nan. Itacen kabarinta ya fito. In aka yi ruwa mai ƙarfi, da hannuna zan tsinto ta a cikin rami."

Alhaji ya daɗe yana juya carbi.

"Ba na ba da bashi," ya ce. "Kuma ba na yi wa dillali kyauta. Me ka zo da shi?"

Joda ya dubi waje. Babur ɗin nan da shi yake zaga kasuwannin ƙauye, da shi yake ci da iyalinsa. Ya zaro makulli ya ajiye a kan tebur.

Alhaji ya fita ya zaga babur. Ya matsa kujera, ya ƙwanƙwasa tanki. "Ƙwarangwal ne," in ji shi. "Amma na karɓa." Ya jefa makullin a aljihu, ya ce wa yaransa su loda mota.

"Misbahu, ba ka ji kunya ba?" in ji Hajiya Batul. "Da uwarka na raye da ta ja kunnen nan."

"Hajiya, ciniki ne. Shi ya san ciniki."

Joda ya mayar da hularsa. Ya hau bayan mota ya zauna a kan buhuna. Kafin su isa Barunde ya yi fari fat tun daga gemu har ƙafa, yara na bin motar suna cewa ga aljani. Ko a jikinsa.

Labari ya riga su isa. Fulani suka fito, Barebari suka fito, matan zumunta suka naɗa gammo. Wannan karon ba gabas ba yamma, kowa gurbin ya nufa. Bernard ya sauka cikin ramin da kansa yana kafa tushe.

Ana tsakiyar aiki sai aka ji ƙarar babur. Alhaji Misbahu ne, cikin farar shadda, yana tuƙi yana tangaɗi. An wanke babur ɗin tas. An shafa masa lalle a goshin fitila, an ɗaura masa sabuwar igiya a wuya.

Ya tsaya a gaban jama'a, ya sauko, ya riƙo igiyar ya ja babur har gaban Joda.

"Joda, na ji an ce babur ɗinka ya ɓata. Ga wani na samo maka daga Adamawa."

Da yake a bakin maƙabarta ake, mutane suka yi ta toshe baki, amma dariyar ta fi ƙarfinsu. Baffa mai sanda sai da ya zauna a ƙasa. Joda ya tsaya fari fat da siminti, baki buɗe. Tun da aka haife shi ba a taɓa yi masa irin wannan ba.

Ya matsa kujerar babur, ya ƙwanƙwasa tanki, ya ce, "Wannan shi ne babur, Alhaji. Wancan dama ƙwarangwal ne."

"To simintin fa?" in ji Hajiya Batul.

"Rabi sharar dangin uwa, rabi ta dangin uba. Kada wanda ya sake tare ni sai baɗi."

Ya juya zai koma inuwa, sai ya ga Madam Selina tsaye a gabansa da kwanon sarki cike da kwaɓi.

"Alhaji, ga murhun namu. A taya mu gyarawa."

Alhaji ya dubi kwanon, ya dubi shaddarsa, ya dubi jama'a. Ya naɗe hannun riga. "Madam, ɗora min. Ni na jawo wa kaina."

Ya ɗauka. Bai tsaya a ɗaya ba, har aka rufe gurbin yana cikin layi, shadda ta koma kalar toka.

Allah ya taimaka aka samu 'yan kwanaki na rana, bango ya bushe ya kama. Sannan babban ruwan ya zo, wata Juma'a bayan an sauko masallaci. Irin ruwan da ke ɗauke kwalbati ne. Joda bai tafi gida ba. Ya tsaya a gindin dogonyaro, ruwa na dukansa. Bernard ya zo da buhu a ka ya tsaya kusa da shi.

Ruwa ya gangaro ja wur, ya daki bango, ya yi kumfa, ya bi magudanar da Bernard ya yi masa ya sauka can ƙasa. Ya sake zuwa, ya sake bin hanya. Har aka ɗauke, ko tsakuwa ba ta motsa ba.

Bernard ya dafa kafaɗarsa. "Maƙwabci, iyayenmu sun kwana lafiya."

Joda ya tsuguna ya yi addu'arsa. Da ya shafa, sai ya gyara ƙasar gindin bishiyar da tafin hannu, ya ce a hankali, "Inna, yi barcinki. Na sa Barebari sun yi miki katanga."

"Na ji ka," in ji wata murya a bayansa. Hajiya Batul ce da lema. "Faɗa mata gaskiya. Mu muka riga isowa bishiyar nan."

"Da simintin wa?"

"Na ɗanmu."

"Ɗanmu dai."

Har yau ba a raba wannan gardama ba, kuma ba mai son a raba. Da watan cika-ciki ya sake zagayowa, ba wanda ya kira taro. Shara da kanta ta nufi maƙabarta, kowane ɓangare na cewa bana za a san ubangida. Da ita aka sa ƙofar ƙarfen da Alhaji Misbahu ya ambata ranar taro, ɗaya a ɓangaren Musulmi, ɗaya a na Kirista. Alhaji Misbahu kuwa, shi kaɗai ne a Barunde yake biya sau biyu, kuma in Joda ya gaishe shi yanzu da baki yake amsawa.

Darasi: Kada ka raina abin da ke hannun maƙwabcinka kana jiran na wanda ba ya ɗaga wayarka. Kaburburan iyayenmu ba su da wanda zai tsare su sai mu da muka san waɗanda ke ciki. Mai buhu ya kawo buhu, mai kai ya kawo kai, mai girman kai ya sauke shi ya ɗauki kwano. Ka je ka duba maƙabartar unguwarku kafin damina ta duba muku ita. Tura wannan labari ga abokin wasanka, ka ce masa ni na ce ya fito da shara.